Ƙwas-ƙwas mai cire tsini

A bikin ƙanwata ƙwas-ƙwas ya gana min azaba, har na koma rawa ba takalmi. Ina zaune ina murza ƙafa, wata ƙawar amarya ta danna ƙasan takalminta, ta zare tsini mai santimita 9, ta ɗaura gajere daga jakarta. Na saki baki!

Washegari na kai wa wani baduku a Ƙofar Wambai, Kano, nawa takalmin don ya mai da shi mai cire tsini. Ya yi dariya, ya ce, "Hajiya, ba tsinin ne matsalar ba." Ashe akwai ƙarfe a cikin tafin, an lanƙwasa shi daidai tsawon tsinin. In ka rage tsinin, gaban takalmin sama zai kalla. Sai an ƙera tafi mai lanƙwasuwa tun farko.

Ya dai ce in dawo bayan sallah.