Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Mai ƙaramin kaya

Assalamu alaikum. Wancan mako na tsaya a inda na gama koyon ɗinki na buɗe shagona a unguwar Aboabo a Kumasi ta ƙasar Ghana, yau kamata ya yi in shiga zancen aurena, amma ku yi haƙuri, akwai abun da ya faru ranar Lahadi a wurin suna a Sawaba wanda in ban fitar da shi ba ba zan samu barci ba.

Matar Yaya ce. Ana zaune ƙarƙashin kanofi ana cin wake da shinkafa, ta dubi uwargidana daga sama har ƙasa ta ce "ashe har yanzu maigidan naki bai sauko daga zuhudun nan ba?" Mata suka kwashe da dariya. Laifin me? Ba ta sa yayi ba, wato zane iri ɗaya da ake fitarwa kowa ya ɗaura a buki. Yadi shida sidi 450, wato miliyan huɗu da rabi kenan a tsohon kuɗi, ni tun da aka yanke sifili huɗu a 2007 har yau da tsohon lissafi nake gane zafin abu. Zanen da za a ɗaura yini ɗaya a jefa akwati. Kuma a watan nan kaɗai buki uku ne a dangi, kowanne da nasa yayin.

Zuhudu wai. Ni ba malami ba ne, tela ne. Maganar Baba ce kawai ta ƙi barina, Allah ya jiƙansa. Kullum cewa yake "mai ƙaramin kaya shi ke riga kowa shiga mota." Ba a littafi ya samo ta ba. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin firaminista Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasa, ban zo duniya ba lokacin amma na ji labarin har na haddace. Baba a Kumasi aka haife shi, kakanmu ne ya zo daga Kano da fataucin goro, amma duk da haka ya ce sai da ya ɗaure ƙunshinsa ya ajiye bayan ƙofa don ba wanda ya san inda abun zai tsaya. Da idonsa ya ga maƙwabta suna sayar da gadon ƙarfe da kabad da keken ɗinki a kuɗin da ba zai sayi akuya ba, wasu ma barin kayan suka yi a tsakar gida don mota ba ta jira. Tun daga ranar bai ƙara sayen abun da mutum ɗaya ba zai iya ɗauka ba.

Da ya rasu a 1998 mu muka buɗe akwatinsa na ƙarfe. Riguna uku, rawani ɗaya, Alƙur'ani cikin gafaka, rediyo da aka ɗaure murfin batirinsa da roba, sai likkafaninsa da ya saya da kansa ya naɗe cikin leda. Ba bashin kowa a kansa ko sisi. Yaya ya tsaya kan akwatin ya ce "shekara arba'in ana yayyafa wa huhun goro ruwa, abun da aka tara kenan?" Ban manta ba. Ban ce masa komai ba ranar, yanzu nake faɗa.

Na taɓa cin ribar maganar Baba, kuma zan yi alfahari da ita ko ba a so. Shekarar 2015 da dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya yi tsanani, wuta ta tafi kwana guda cur ta dawo ta leƙo ta koma, telolin layinmu da suka sayar da kekunan ƙafa suka sayi na lantarki duk sun zauna suna fifita da kwali ga sallah ta matso. Ni kuwa tsohon kekena na ƙafa, Butterfly, yana nan, dutsen gugana na gawayi yana nan, da fitila nake ɗinki har asuba. Waɗanda suke ce mun ɗan ƙauye su suka dinga turo mun kwastomominsu. A shekarar ne kajin da Yaya ya cika firiza biyu da su suka ruɓe, ban yi murna ba wallahi, amma na tuna akwatin.

To sai na ɗauka na gane hanya. A 2022 kaya suka haukace, farashi ya tashi fiye da kashi 50 cikin ɗari kafin ƙarshen shekara, ga harajin momo, wato tura kuɗi ta waya, da aka kawo a watan Mayu, ka tura wa mutum kuɗi a yanka. Na ce shi kenan, zan koma zaman Baba. Na ba ɗana babbar wayata na sayi ƴar ƙarama mai madannai, irin wadda yara ke kira doya. Na fita daga duk wani guruf, na dangi, na ƴan makarantar allonmu, na teloli, don kowanne in ka buɗe gudummawa ce ake tarawa. Na daina hawa piragiya, keken haya mai ƙafa uku, da ƙafa nake zuwa kasuwar Kejetia sayen zare. Gida muka koma murhun gawayi, koko da ƙosai da safe, tuwo da dare. Watan farko kam na ji daɗi, kaina ya yi sakayau, ina idar da sallar isha'i in kwanta.

Sai kwastomomi suka fara sulalewa. Mace za ta ce ta turo mun sitayil a WhatsApp, in ce ki zo ki nuna mun, ta ce to, ba za ta zo ba. Wannan duk na jure. Ga kuma abun da Baba bai sani ba a zamaninsa, mitar wuta sai ka loda mata kuɗi kafin ta ba ka haske, ruwan sha a leda, mai gida yana neman kuɗin haya na shekara biyu a dunƙule alhali doka wata shida ta ce, sakamakon jarrabawar autata ma sai ta intanet. Ka rage kayanka iya ragewa, wasu kayan ba kai ka ɗauko su ba, ɗora maka aka yi.

A wata na huɗu da fara wannan zaman Kawu na Alabar ya rasu, ƙanin Mma, wanda ya biya mun kuɗin koyon ɗinki. Da asuba ya cika, aka sa a guruf ɗin dangi, kowa ya ɗauka kowa ya gani. Ina kan keke bayan azahar wani yaro ya leƙo ya ce "Baba tela, sannu da haƙuri." Na ce haƙurin me? Kafin in isa maƙabartar Tafo har an rufe, mutane na fitowa suna kakkaɓe ƙasa daga takalma. Yaya ya kalle ni ya ce "ai mai ƙaramin kaya ne, mun zaci ka riga mu zuwa." A maƙabarta ya faɗi haka. Har yau ban san wanda zan fi jin haushi ba, shi da bai ɗaga waya ya kira ni ba ko ni da na fita guruf ɗin da hannuna. Washegari na karɓi wayata daga hannun ɗana.

Shi yaron ne ma ya taɓa tambayata, "Baba, in kowa a Zango ya bi maganar Kaka, wa zai kawo maka ɗinki?" Na kore shi ya je ya hura gawayin guga, don ban da amsa. Gaskiya ce, da kuɗin yayin mutane na biya haya, da shi na kai su makaranta. Ina zagin abun da baki ina cin tuwonsa da hannu.

Yanzu haka da nake rubutun nan akwai yayin auren ƴar Yaya guda 14 a kan teburina, matarsa da kanta ta aiko da su ranar Talata ko kunya babu, kuma na karɓa. Da nake duba sunayen da aka maƙala da fil sai ga na uwargida a ciki. Da kuɗin adashinta ta saya ba ta faɗa mun ba. Ban yi mata magana ba tukuna, na dai ajiye nata a ƙarshen layi.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan koma kan auren, da yadda Gwaggo ta ƙi karɓar lefen don akwati ɗaya ne.