"At", "to" ko "about": ƙananan kalmomin da ke bin aikatau na magana a Turanci

Wanda ya ce "He shouted at me", tsawa aka daka masa. Wanda ya ce "He shouted to me" kuwa, kira aka ƙwala masa daga nesa don ya ji. Aikatau ɗaya ne, amma "at" na ɗauke da faɗa. Shi ya sa "talk at" ba yabo ba ne: mutum ya yi ta zuba maka zance ba ya sauraron naka.

"Talk to" da "talk with" ba su cancanci ɓata lokaci ba. Mutanen Ingila sun fi cewa "to", Amurkawa na yawan cewa "with", kuma kowanne daidai ne.

Batun da ake magana a kai ya fi buƙatar lura. "Spoke about" na kowace irin hira ce, "spoke on" na lacca ko jawabi a taro. "Complain to" na nuna wanda aka kai wa ƙorafi, "complain about" abin da ake ƙorafi a kai, amma gaban likita "of" ake sa wa ciwo: "She complained of chest pain." Haka "ask": "ask for" neman abu ne ko neman ganin mutum, "ask about" neman bayani, "ask after" tambayar lafiyar wani.

Wani wurin da ɗalibai ke zubar da maki a jarrabawar WAEC shi ne cusa kalma inda ba ta da gurbi. Saboda muna cewa "tattauna a kan", sai hannu ya rubuta "discuss about". Kuskure ne, kamar "emphasise on" da "request for", duk da sun cika wasiƙun ofis. Dalilin ruɗanin shi ne idan aikatau ɗin ya koma suna, yana ɗaukar kalmar: "a discussion about", "emphasis on", "a request for". Aikatau ɗin kuwa kai tsaye yake haɗuwa da karɓau, wato abin da aikin ya faɗa a kansa: "We discussed the budget."

Akwai kuma akasin haka. Da Hausa "faɗa mini" da "bayyana mini" gininsu ɗaya, amma Turanci ya raba su. "Tell me" da "answer me" ba sa son "to". "Say", "explain" da "reply" kuwa dole sai da shi kafin a ambaci mutum: "Explain it to me", "Reply to me". Saboda haka "reply me" da ake ta turawa a WhatsApp ba za ta wuce gaban mai makin jarrabawa ba.