Lambar aro da ta juya mini lissafin karkarwar faranti

Aikin da na sa gaba shi ne gano yadda zafi ke sauya saurin karkarwar wani siririn faranti mai kaurin maikromita kaɗan (maikromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), wanda fuskarsa ta sama seramik ce ta silikon naitraid, ta ƙasa kuma ƙarfe marar tsatsa mai lamba SUS304, tsakaninsu cuɗanya ce mai sauyawa sannu a hankali ba tare da wani layin rabuwa ba. Masu bincike a Sendai ta ƙasar Japan ne suka fito da wannan dabara a 1984, suna neman abin da zai jure zafin da ya kai 2000 a ma'aunin zafi na Kelbin a jikin jirgin sararin samaniya. Rubuta ƙa'idojin motsi da shigar da su kwamfuta bai ba ni wahala ba, don haka ba zan tsaya a kansa ba.

Na shiga aikin da zaton cewa laushin da zafi ke jawo wa kayan shi ne zai fi rage karkarwar. Alƙaluman ba su goyi bayan haka ba, domin taurin silikon naitraid yana sauka ne daga wajen gigafaskal 322 (ma'aunin tauri) a Kelbin 300 zuwa wajen 305 a Kelbin 600, ragin da bai wuce kashi 6 cikin 100 ba. Abin da ke yin aikin shi ne gefuna. Idan aka ɗaure su tamau, farantin yana son ya buɗe, wato ya ƙara faɗi saboda zafi, amma babu wurin zuwa, sai matsi ya taru a cikinsa, saurin karkarwarsa mafi ƙanƙanta, wato karkarwar farko, ya dinga raguwa har ya kai sifiri a daidai lokacin da ya gantsare. Ga farantin da faɗinsa ya ninka kaurinsa sau 100, ƙarin zafi na 'yan gomomin digiri ya isa.

To amma a wane zafi ne hakan zai faru? A nan ne na haɗu da abin da har yanzu yake ci mini rai. Ƙa'idar da masani Yang da abokan aikinsa suka gyara a 2002 ta ce abu idan ya yi ƙanƙanta sosai yana ƙara tauri, kuma tana auna wannan ƙarin da tsayi guda ɗaya da ake kira l. A siririn faranti na abu ɗaya, idan kaurin ya yi daidai da l, ƙarfin jure lanƙwasa yana ninkuwa fiye da sau 5, karkarwar ta ninka fiye da sau 2, zafin gantsarewa shi ma ya tashi gwargwadon taurin. Ke nan dukan amsata tana rataye ne a wuyan wannan lamba guda.

Da na bi sawun maikromita 17.6 da ake ta maimaitawa a matsayin l a rubuce-rubucen wannan fanni, sai na tarar asalinta gwajin da masani Lam da abokan aikinsa suka yi ne a 2003 kan ƙananan sanduna na ƙaron ifoksi. Ifoksi dangin roba ne, babu abin da ya haɗa shi da seramik ko ƙarfe, amma ga shi ana ɗora lambarsa a kan faranti mai seramik da ƙarfe, a bar ta yadda take daga sama har ƙasa, a kuma bar ta yadda take ko zafi ya ninka. Mun yi ta wahalar bin sauyin tauri da nauyi da buɗewa a kowane zurfi da kowane digiri, alhali abin da ya fi su tasiri aro ne daga wani wuri dabam. Wannan ya sa na rushe jadawalin sakamakon da na riga na kammala.

Wanda zai yi irin wannan aiki, shawarata ita ce kada ya ba da amsa da lamba ɗaya ta l. Ya zana sakamakon bisa rabon l da kauri, daga sifiri zuwa ɗaya, domin mai karatu ya ga faɗin abin da ba a auna ba. Ya kuma bayyana ƙarara ko gefunan suna iya zamewa ko ba sa iyawa, tun da nan ne zafi ke samun ƙarfinsa. Sannan ya lura cewa farantin da gefunansa suka jingina kawai ba ya jiran wani zafi kafin ya lanƙwashe: ƙarfen ya fi seramik ɗin buɗewa sosai, saboda haka yana fara karkata tun daga digirin farko, kuma lissafin da ya ɗauke shi a matsayin shimfiɗaɗɗe ba zai yi daidai ba. Sabon jadawalina ya ninka na farko tsawo, kuma a ƙarƙashin kowane zane na rubuta cewa l ɗin da ke ciki zato ne, ba awo ba.