Bulo 300 da Suka Koya Mini Bambancin Tabbatar da Inganci da Tantance Shi

Aikin ginin ajujuwa 6 ne na wata makarantar Islamiyya a wajen Hotoro, kuɗin kuma na jama'ar unguwa ne, da karo-karo aka tara su. Ni aka damƙa wa kula da aikin. Amanar ta yi mini nauyi, shi ya sa kullum bayan la'asar nake zuwa da tef a hannu, in bi bango-bango ina awo. Abin da bai yi ba in sa a rushe. A lokacin na ɗauka kula da inganci ke nan gaba ɗayansa.

Wata rana cikin zafin Afrilu na ɗaga bulo mai inci 9 daga cikin waɗanda aka buga mana a wurin, na sake shi daga daidai ƙirjina. Dagargajewa ya yi. Na murza gefen wani da babban yatsa, sai ga yashi yana zuba. Bulo 300 muka ware a ranar, siminti da yashi da ladan masu bugawa duk sun tafi. Na yi faɗa, aka sake bugawa. Bayan mako biyu wani zubin ya sake fitowa haka.

Shugaban birkilolin, dattijo ne da ya girmi mahaifina, ya ja ni gefe. Ya ce, "Injiniya, kai kullum sai an gama kake zuwa. Ka taɓa tsayawa a kan kwaɓi?" Na ce, "A'a, Baba." Ya ce, "To gobe ka zo da farar safiya. Tun ran gini ran zane."

Abin da na gani ya sanyaya mini jiki. Ba wanda ke satar siminti. Amma kowane lebura da nasa awon: wannan da shebur yake ƙirga yashi, wancan da baro, wani baron a cike wani a rabi. Ruwa da ido ake zuba shi. Yashin da tifa ta sauke akwai laka a cikinsa. Bulon kuwa ana jera shi a rana, mai ruwa ya zo sau ɗaya ya yayyafa ya tafi. Shi siminti ba bushewa ce ke ba shi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce, kuma kwanaki take ɗauka. Idan ranar Kano ta shanye ruwan da wuri, ƙarfin ya tsaya a nan.

A nan na fahimci abin da masu ilimin tafiyar da ayyuka suke rabawa gida biyu. Abin da nake yi da la'asar shi ne tantance inganci, wanda ake taƙaitawa da QC a Turance: a duba abin da aka riga aka yi, a gwada, a karɓa ko a mayar. Wanda na bari kuwa shi ne tabbatar da inganci, wato QA: a tsara yadda za a yi aikin tun kafin a fara, a koya wa masu yi, sannan a riƙa bibiyar ko ana bin tsarin. Na farko kayan yake kallo, na biyu hanyar yin kayan. Deming, Ba'amurken da ya koyar da masu masana'antun Japan a 1950, ya daɗe yana jan hankali a daina dogara da dubawar ƙarshe, domin dubawa ba ta sa inganci a cikin abin da aka riga aka ɓata. Ma'aunin ISO 9001 ma, wato ma'aunin kula da inganci na ƙasa da ƙasa da ya fara fitowa a 1987, tsarin gudanar da aiki yake bincika, ba kayan ɗaya bayan ɗaya ba.

Muka zauna da Baba muka rubuta ƙa'ida a shafi ɗaya, da Hausa, aka manna a ƙofar sito. Awo da kwanon sarki kawai, a shafe bakinsa. Kankare kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Duk tifar da ta zo, kafin ta juye, a ɗebi yashin a kwalba a zuba ruwa a girgiza. Idan laka ta kwanta da kauri a sama, a mayar da ita. Siminti a kan katako, ba a ƙasa ba. Ban-ruwa safe da yamma har kwana 7, a lulluɓe da jiƙaƙƙun buhuna. Mutum ɗaya ke da alhakin ruwa, kuma yana rubuta abin da aka yi kullum a littafi. Ni kuma duk Alhamis ba bango nake fara dubawa ba, littafin nake buɗewa.

Ban daina tantancewa ba, kuma ban shawarci kowa ya daina ba. Da muka zo zubin fila da linta, mun riƙa ɗibar kankaren a ƙananan akwatuna masu milimita 150, a kai ɗakin gwaji a matse su a kwana 7 da kwana 28. Na kwana 7 yakan ba da kusan kashi biyu cikin uku na cikakken ƙarfin, don haka tun da wuri ake gane inda aka dosa.

Sau ɗaya sakamakon wata fila ya zo ƙasa da yadda muke so. A da sai dai in yi faɗa in sa a fasa. Wannan karon littafin muka buɗe, muka ga a ranar mai kula da ruwa bai zo ba, yara suka ƙara ruwa don kwaɓin ya yi saurin shiga tsakanin rodi. Filar dai mun fasa ta. Sannan Baba ya karɓi biro ya ƙara layi a ƙasan takardar da hannunsa: ranar da mai ruwa ba ya nan, ba zubi.