Minti Biyar na Farko a Wata Silima ta Abuja

Ranar Alhamis da ta gabata na hau jirgin ƙasa daga Rigasa da ke Kaduna, na sauka a tashar Kubwa ta Abuja inda ƙanina yake jirana da 'ya'yansa uku. Tun da aka buɗe wannan layin dogo a 2016 ban taɓa hawansa ba sai yanzu, amma abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne ranar Asabar, lokacin da yaran suka kafe lallai sai an kai Gwaggo kallon katun a silima.

Silimar tana cikin wani katafaren rukunin shaguna, kuma mai gadin ƙofar ya tarbe mu da fuska kamar an aiko masa da saƙon mutuwa. Ya zazzage jakata, ya ɗaga ƙullin dambun naman da na kawo wa yara, ya ce ba a shiga da abincin waje, ba tare da ko sannu ba. A Kaduna yaro sa'ar ɗana ba zai yi mini magana haka ba. A ciki kuwa, kuɗin kofin gugguru ɗaya zai saya mini masarar da za ta yi mana tuwon kwana biyu, sai da na ce wa ƙanina wannan almubazzaranci ne. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, mu dai tsaya mu saya, ko mun rasa farkon fim ɗin ba komai ba ne." Na ƙi, na tasa yaran a gaba muka shiga, kuma daga baya shi da kansa ya yarda cewa na yi daidai.

Da aka kashe fitilu, sai wani kiɗa mai taushi ya tashi, gari ya waye a kan wani ƙauyen masunta mai launuka masu haske, mutanensa duk masu zagayayyar fuska da manyan idanu. Wani ɗan yaro ya biyo kaza a guje, ya faɗa cikin kwandon kifi, zauren ya ɗauki dariya. Daga nan na san cewa ba za a tsorata mana yara ba, labari ne na raha da yawon kasada. Sai aka shiga cikin gidansu, uwa ta jera kwanuka huɗu alhali mutum uku ne suka zauna, kiɗan ya yi sanyi, ta ɗauke kwano na huɗu a hankali ta mayar. Autar ƙanina, mai shekara 6, wadda Turancinta bai taka kara ya karya ba, ta raɗa mini, "Gwaggo, babansu ba ya nan." Har zuwa lokacin babu wanda ya furta kalma ɗaya a fim ɗin, amma yarinyar ta riga ta kama jigon, wato rashin uba da neman haɗa kan iyali.

Ni da na shekara ina koyar da Hausa a firamare, sai na tuna da tatsuniya. Idan kaka ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," yara suka amsa "Ta zo mu ji ta," kowa ya san an bar duniyar gaske, kuma da zarar an ambaci Gizo da Ƙoƙi an san wayo da haɗama ne za su biyo baya. Aikin da mabuɗin fim ɗin ya yi ke nan, sai dai da launi da kiɗa. Ƙanina ya ce hotuna 24 ake haskawa a kowane sakan, ke nan minti biyar ɗin nan sun ci hotuna 7,200. Ina ma masu shirya finafinanmu na Hausa, waɗanda wasunsu kan buɗe da doguwar jerin sunaye da godiya, za su riƙa kashe wa farkon labari irin wannan wahala.

Ranar Lahadi mun zaga Millennium Park, muka biya ta Babban Masallacin Ƙasa, sannan washegari na leƙa kasuwar Wuse, inda atamfa ta fi ta kasuwarmu tsada nesa ba kusa ba, don haka ban sayi komai ba. Dambun naman kuwa mai gadin ya mayar mini da shi a cike, a mota yaran suka cinye. Talata da safe na kamo jirgin Rigasa.