Na shanya dilo, na yi asarar shekara guda

Har yau in na tuna ledoji 300 ɗin nan sai raina ya ɓaci.

Da aka zo yanka fuloti a saurar da ke bayan gonarmu, kan hanyar Daura zuwa Zango, kwana biyu kacal katafila ta yi ta share anzar da na taso na tarar. Masu aikin suka ce za su dasa darbejiya a madadinta. Na ce musu darbejiya baƙuwa ce, daga Indiya aka kawo ta. Anza kuwa ita ta riƙe iyayenmu a farin 1973 da na 1984: a jiƙa dilo, wato ƙwayar 'ya'yanta, kwana da kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita, sannan a dafa. Ganyenta ake sawa cikin wake don ƙwari su bar shi. Suka bar mana gefen fili, suka ba da kuɗin leda da na ruwa don mu reni anza mu dasa.

Farkon damina, da 'ya'yan suka yi ruwan ɗorawa, na je wajen Baure na tsinko tiya biyu. Na wanke, na baza a tabarma cikin rana, na ƙulle a buhu kamar irin gero, na ce sai bayan kaka in aiki ya yi sauƙi. A nan na kashe su da hannuna. Bayan kaka na shuka su a ledoji 300, wata biyu ina ban ruwa safe da yamma, ruwan 'yan garuwa kuma, na kuɗi. Ko ɗaya bai tsiro ba. Na farke leda guda, ƙwayar ta yi baƙi, ina latsawa ta marmashe.

Ƙanwar kakata ce ta leƙo ta ga ledojin a jere. Ta ce, "Ɗan nan, wa ya ce maka ana shanya dilon shuka? Daga jikin uwa sai ƙasa." Ashe irin anza ba ya jure bushewa, da ya bushe ya mutu. Ni kuwa na ɗauke shi kamar na kalgo da bagaruwa, masu shekara a ajiye ba su yi komai ba. Tambaya ɗaya ce da ta raba ni da wannan asara, ga wadda ta sani muna gida ɗaya.

Da damina ta zagayo, ranar da na tsinko ranar na ɓare na shuka. Suka fito. Kada a bar su su daɗe a leda, saiwar miƙewa ƙasa take yi, ta huda gindin ledar, in ta tsinke wajen ɗagawa shi ke nan. Waɗanda na binne kai tsaye a rami na kewaye da ƙayar magarya sun fi kyau.

Yanzu 46 ne a raye, mafi tsayinsu bai wuce taƙi ba, amma kore shar a tsakiyar rani. Duk sanda na durƙusa ina gyara musu ƙaya sai na lissafa: da ban shanya na farkon ba, da bana sun shekara biyu a ƙasa.