Abin da na duba kafin na sayi sabuwar laftof

Kwamfuta ɗaya nake amfani da ita a komai: shafukan Chrome a buɗe rututu, Excel a gefe, wani lokaci ga taro a Zoom, da dare kuma a kanta nake kallon fim. Shi ya sa RAM na fara dubawa, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe ayyukan da ke buɗe a cikinta, kyan jiki ya biyo baya.

Windows 11 na iya tashi da 4GB, amma tashin ne kawai. Ko 8GB ma, da zarar ka haɗa Zoom da shafuka da yawa sai ka ga ta fara jan ƙafa. Ni dai a kan 16GB na tsaya. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne ko ana iya ƙara RAM ɗin daga baya, domin a yawancin siraran nan manne yake, abin da ka saya da shi za ka zauna.

Ma'ajiya kuwa, SSD mai 512GB ta ishe ni. Furosesa kuma, wato injin da ke sarrafa ayyukan kwamfutar, Core i5 ko Ryzen 5 na kwanan nan duk sun wadatar, ban wahalar da kaina a nan ba.

Allon ne ya ci min lokaci. OLED ta burge ni a fim, baƙinta baƙi ne na gaske, sai dai tana shan batir idan fararen shafuka suka yi yawa, ni kuma wunina a kansu yake. Sai na ɗauki mai allon IPS, wani nau'in allon daban, mai ƙwayoyin hoto 1920 x 1080, inci 14, mai ramin HDMI don in riƙa haɗa ta da talabijin.